Kira Mini Rumbu

Mu uku Baba ya haifa, kuma babu wanda ya bari da sunansa na gaskiya a cikinmu. Wanmu shi ne Ganye, autarmu Fure, ni kuma ta tsakiya aka laƙaba mini Rumbu. A duba wannan rabo fa. Ɗaya ganye, ɗaya fure, ni kuwa wurin zuba hatsi. Da yake ina da 'yar ƙiba tun ina ƙarama, sunan ya zauna mini daram, har 'yan unguwa suka ɗauka saboda cin abinci ne. Yau furfura ta fara cin kaina, 'ya'yana sun fi ni tsawo, amma in Fure ta kira waya abin da take fara cewa shi ne, "Yaya Rumbu, an cika ki kuwa yau?" Sai ta fashe da dariya ita kaɗai.

Baba malamin ilimin tsirrai ne a makarantar sakandare, a can ya ƙarar da ƙarfinsa, kuma daga aji ya kwaso mana sunayen nan. Yakan ce kowace shuka an gina ta da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, a cikin ɗakunan kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi iri uku, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Akwai koraye, su ne a cikin ganye, suna tsaye a rana suna dafa wa shuka abinci. Akwai masu launi, ja da rawaya, masu yi wa fure da tumatir kwalliya. Sai na ukun, marasa launi, da ke zaune a cikin saiwa da iri da dankali, inda haske ba ya kaiwa. Aikinsu ajiya ne kawai, wasu sitaci, wasu mai. Sunansu na littafi yana karya haƙori, don haka Baba ya ce musu rumbuna, ya huta, ɗalibansa ma suka huta.

Yaya Ganye bai taɓa iya zaman gida ba, kullum yana tsakiyar rana yana buga ƙwallo. Fure kuwa tun tana rarrafe take neman abin shafawa a baki. Su dai sunayensu sun yi musu kyau. Ni ce aka bari da marar launi, mai zaman duhu. Ban taɓa faɗa wa Baba ba, amma sunan ya daɗe yana yi mini ciwo. Don abin ya cika, da na girma sai na samu aiki a ɗakin ajiyar magani na wani asibiti, ɗaki mai taga ɗaya, ita ma an tare ta da kwalaye. Ranar da aka ɗauke ni aikin, Yaya Ganye ya yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan rasuwar Umma ne Baba ya fara mantuwa. Da farko mukullai ne da tabarau, muna ta tsokanarsa. Daga baya ya manta hanyar gida. Yaya Ganye yana babban birni, Fure tana can inda aure ya kai ta, ni ce a kusa, layi ɗaya ya raba gidana da na Baba. Maigidana, Allah ya saka masa, shi ya ce mu tattara mu koma gidan gaba ɗaya. Ni ke yi wa Baba wanka, ni ke yanke masa farce, ni na san cewa ba ya haɗiye magani sai an niƙa an zuba a shayi.

Ni ce kuma wadda ya fara mantawa.

In Yaya Ganye ya kira, tun kafin ya gama sallama Baba zai ce, "Ganye, kana ina ne, har yanzu kana yawon?" In Fure ta zo ta yi dariyar nan tata daga bakin ƙofa, fuskarsa takan washe. Ni kuwa in na shigo da ruwan wanka sai ya gyara zama, ya ja rigarsa ya rufe gwiwa, ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Ana ta wahalar da ke." Da ladabi yake faɗa, irin ladabin da ake yi wa baƙo, kuma ladabin ne ya fi yi mini zafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sha ce masa, "Baba, ni ce fa, Rumbu." Sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla," kamar na gaya masa sunan unguwarmu. Likita ya ce ciwon ba shi da tsari, abin da ya ga dama yake ɗauka. Na ji, na yarda. Amma in na koma kicin sai zuciyata ta ce mini ai daman abin da ba shi da launi shi ne mai saurin gogewa.

Da Baba ya sake ficewa daga gida, wani mai gyaran keke ya tsince shi a bakin titi yana jiran ɗalibai su tsallaka, sai Yaya Ganye ya kira ni.

"Rumbu, ki saurare ni, kada ki fara faɗa," in ji shi. "Ƙarshen makon nan zan zo in ɗauke shi. Nan akwai asibitin da suka san kan ciwon, kuma gidana akwai mai gadi. Ke ma bayanki ya gaji, kar ki ce mini a'a, mijinki ya gaya mini."

"Shi kuma bakinsa ba ya shiru," na ce.

"To ya aka yi? Kin yarda?"

Na yarda, don gaskiya ya faɗa. Amma na san abu ɗaya da shi ma ya sani bai faɗa ba: in Baba ya shiga motar nan, ba zai sake kwana a gidan nan ba. Ni kuma ba na neman komai a wurinsa sai ya kira ni sau ɗaya kafin ya tafi. Ko da Rumbun ne, sunan da na ƙi jini, ina so.

Ina haɗa masa kaya ne na ga akwatin a saman kabad, bayan tsofaffin barguna. Akwatin katako ne mai marfi a gaba da ƙaramin ƙugiya. Kafin in buɗe na san ƙamshin da zai fito, na man inji da tsohon katako. A ciki madubin Baba ne, na'urar nan da ake leƙa ƙananan abubuwa da ita, baƙa, mai nauyi, fentin jikinta ya goge daidai inda yatsunsa ke kamawa. Ba ta amfani da lantarki. Wani ɗan madubi ne zagayayye a ƙasanta, shi ake juyawa ya kamo hasken taga ya turo sama. Da makarantar ta sayo sababbi, ita aka ba shi ya tafi da ita ranar da ya ajiye aiki.

Tun kafin ta zama tasa, kowace Asabar yakan ɗauro ta a bayan keke ya kawo gida. Da hantsi sai a jawo teburin cin abinci zuwa bakin taga, Umma tana mita daga kicin.

"Malam, dankalin nan fa na dafawa ne, ba na makaranta ba. Kuma rezar da ka ɗauka ka dawo mini da ita."

"Ɗan kaɗan zan taɓa," yakan ce. "Ilimi ba ya cin dankali da yawa."

Yakan tara mu mu uku. Yaya Ganye zai manna ido, kafin ka ƙifta ya ce, "Na gani, Baba," ya ruga waje. Fure ba ta leƙawa sai in fure aka sa, ta ga ja ko rawaya ta tafa hannu ta tafi. In aka zo kan dankali ni kaɗai ake bari. Kada a ɗauka son ilimi ne ya zaunar da ni. Ban iya cewa a'a ba ne, kuma ina jin tausayin Baba in ya waiwaya ya ga kowa ya watse.

Yana da yadda yake yinsa, ba ya canzawa. Zai kankari dankalin da bakin reza, ɗan mitsitsi, ya ɗora a kan gilashi, ya ɗiga ruwa, ya rufe da wani siririn gilashi da bai kai farce kauri ba. Sai ya matsa gefen benci ya ce in leƙa.

"Me kika gani?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ba amsa ba ce. Jira."

Akwai dai wasu abubuwa kamar kumfar sabulu, amma ni a wurina ba komai ba ne. Daga nan zai ɗauko aidin, wanda ake sa wa ciwo, ya sirka shi da ruwa har ya koma kalar shayi marar ƙarfi. Ba ya taɓa zuba shi a kan dankalin. A gefen gilashin yake ɗiga shi, sannan ya yago bakin jarida ya manna a ɗaya gefen, takardar ta riƙa shan ruwan tana jawo aidin ɗin a hankali ta ƙarƙashi. Ina kallo sai ƙwayoyin su fara fitowa daga gefe guda, ɗaya bayan ɗaya, shuɗi mai duhu, har wurin ya cika maƙil.

"Yanzu fa?"

"Sun zo, Baba."

"Ba zuwa suka yi ba. Suna nan tun ɗazu. Ke ce ba ki gan su ba."

Matsalata ɗaya ce, ido. Baba ya ce masu aikin da ido biyu a buɗe suke leƙawa. Ni in na buɗe biyun sai in ga tebur da dankali sun cakuɗe, in na ce zan rufe ɗaya sai duka su rufe. Yakan yi tsaki ya ce, "Ke kam har yaushe za ki iya?" Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan idona na hagu ya bar shi a nan har in gama kallo. Hannun yana warin alli da aidin, yana da ɗumi. Na yi shekaru ban tuna da wannan ba sai ranar da na buɗe akwatin.

Na tuna wata Asabar da na daure na tambaye shi, "Baba, su marasa launin nan haka za su ƙare ba launi?" Ya ɗauki dankali guda ya ajiye a bakin taga, ya ce kowa ya bar shi. Bayan kwanaki fatarsa ta fara yin kore. Ya kira ni ya ce, "Kin gani? Ba rasa launi suka yi ba. Aikin da aka ba su ne ba ya bukatar launi. Fito da su rana, za su yi kore kamar kowa." Har zuciyata ta fara sanyi, sai Umma ta zo ta ɗauke dankalin ta wurga a shara, don Baba da bakinsa ya ce wanda ya yi kore ba a ci. Abin da na ɗauka daga darasin ke nan: ko na yi launi, shara za a kai ni. Na yi fushi da su duka biyun har washegari, babu wanda ya san dalili.

Ranar da Yaya Ganye zai iso, tun da safe na yi wa Baba wanka, na sa masa rigar da yake so. Da rana ta ɗan ɗaga na jawo teburin zuwa bakin taga, na zaunar da shi a kan bencin, na ajiye madubin a gabansa. Ya dube shi kamar yadda yake duban kwano ko buta. Ya ce, "Baiwar Allah, naki ne?"

"Naka ne, Baba."

"To, madalla."

Ya mai da ido kan titi. Tunda na riga na fito da kaya sai na ce bari in yi da kaina. Na yanko dankali da wuƙar kicin, yanka mai kauri kamar zan soya. Na ɗora a gilashi, na buɗe kwalbar aidin na tsiyaya masa kai tsaye, ba sirki. Abin ya yi baƙi ƙirin nan take. Na leƙa, duhu kawai na gani. Ba da gangan na ɓata ba, Allah ya sani. Na yi shekaru ina kallon hannun Baba yana yi, ashe ban taɓa yi da nawa ba.

"Wa ya koya miki haka?"

Na ɗago. Baba ya bar kallon titi, ya haɗe gira, irin haɗewar da ke sa aji ya yi tsit.

"Wani malami ne," na ce.

"To bai iya ba. Ko kuma ke ce ba ki saurara ba. Wannan ai ɓarnar magani ce. Kawo reza."

Na tsaya. Hannun Baba yana rawa, ko cokali ba na sakar masa shi kaɗai. Ya miƙo hannu bai ko dube ni ba, kamar yadda ake miƙa wa ɗalibi, ni kuma na ba shi. Rawar ba ta daina ba, amma ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya kankari dankalin ɗan mitsitsi. Ya ɗiga ruwa da kan yatsa. Ya jingina siririn gilashin a gefe ɗaya ya sake shi a hankali don kada iska ta shiga. Ya juya ɗan madubin ƙasa har haske ya faɗo daidai. Mutumin da jiya ya tambaye ni ko an gina banɗaki a gidan nan, shi ne ya ce mini, "Aidin ɗin ya yi ƙarfi, ƙara ruwa. Ƙara. Ya isa. Jarida fa?"

Babu jarida a gidan, mun daɗe da daina saye. Na yago gefen takardar da ke cikin kwalin maganinsa na ba shi. Ya juya ta gaba da baya, ya taɓe baki, ya karɓa.

Ya ɗiga aidin a gefe, ya manna takardar a ɗaya gefen, ya sunkuya da ido biyu a buɗe. Ya daɗe a haka. Ina jin ƙarar motoci a titi, kowacce ta rage gudu sai gabana ya faɗi in ce Yaya Ganye ne. Can na ga kafaɗun Baba sun sauka, ya yi wata 'yar dariya ta hanci da na daɗe ban ji ba.

"Ga su nan," ya ce. Bai ɗago ba ya ci gaba, "Baiwar Allah, don Allah kira mini Rumbu."

Tun da ciwon ya kama shi ban ji sunan daga bakinsa ba.

"Baba, ga ni. Ni ce."

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa, da tausayi, kamar na yi kuskuren da bai kamata a kunyata ni a kai ba.

"A'a, wata 'yar yarinya ce, mai kumatu. Tana nan cikin gida. Kar ki wahalar da kanki da sauran biyun, ba za su tsaya ba. Ita ce mai jira. Yi sauri, kafin su yi duhu da yawa."

Na buɗe baki in yi gardama, don gardama ba ta yi mini wuya, sai na fasa. Na ce, "To, Malam." Na fita zuwa kicin. Na tsaya a jikin firij na yi kuka mai isata, ba sauti, na wanke fuska a famfo. Ban san abin da zan ce masa ba in na koma. In ce ba ta nan, ko in ce ta girma? Na dai koma, ban yi sallama ba, don yarinyar da yake nema ba ta taɓa yin sallama a ɗakin nan ba.

Bai dube ni ba, idonsa yana kan madubin. Da ya ji motsi sai ya matsa gefen benci, ya bar wuri daidai zaman yaro. Na cusa kaina a nan, rabin jikina a waje. Na sunkuya na kai ido.

Tebur da dankali suka cakuɗe mini. Na rufe ido ɗaya, duka biyun suka rufe. Na sake gwadawa, na yamutsa fuska, na ja kumatu sama, abin ya ƙi. Mace da jikoki a hanya, wai har yau.

Sai na ji tsaki a gefena. Tafin hannu ya sauka a kan idona na hagu, busasshe, yana rawa kaɗan, yana warin aidin.

"Ke kam, Rumbu," in ji Baba, "har yaushe za ki iya?"

Ƙwayoyin suna nan cike da wurin, shuɗi mai duhu, wasu manya wasu ƙanana, na gefen can ba su gama kama launi ba. Na gan su na ɗan lokaci, daga nan ruwa ya cika mini idon da ya rage.

"Me kika gani?"

"Sun zo, Baba."

"Ba zuwa suka yi ba," ya ce.

A waje mota ta tsaya, aka danna oda, na ji muryar Yaya Ganye yana tambayar maigidana inda jakunkunan suke. Na motsa zan tashi. Hannun ya ɗan danna idona.

"Ganye ne, bar shi, ba zai tsaya ba," in ji Baba. "Ke gama kallonki."